Abin da na koya tsakanin Alang da Palitana

Na ajiye aikin sayen kayan jiragen ruwa na gwanjo a watan jiya, kuma tun da abokan sana'a suna ta tambayar dalili, gara in rubuta sau ɗaya in huta. Duk wanda ya yi aiki a wannan yanki na jihar Gujarat ta Indiya ya san Alang, inda tun 1983 ake kawo tsofaffin jirage gaɓa idan teku ta cika, a yayyanka su da wutar gas, ƙarfen ya wuce masana'antun rodi na Sihor, sauran kaya kuma su cika shagunan da suka jeru a hanyar Trapaj. Abin da baƙo ba ya saurin ganewa shi ne, wasu daga cikin 'yan kasuwar wurin mabiya addinin Jain ne, kuma lokutan cinikinsu suna bin na Palitana, ƙaramin garin da ke gindin tsaunin Shatrunjaya.

A kan tsaunin akwai wuraren ibada sama da 800, mafi girmansu na Adinath, wanda suke ɗauka farkon jagororinsu 24. Ana hawa ne ta matakala fiye da 3,000, tsofaffi kuwa a ɗauke su a kan kujerar da aka rataya a sanda, kuma ba a yarda kowa ya kwana a can ba. Masu ziyara ba sa hawa a watanni huɗu na damina, sai ranar cikar watan Kartik, wajen Nuwamba, sannan jama'a su kwararo, har wasu su ɗauki alkawarin hawa sau 99.

Wani dattijo da muka saba ciniki da shi yana cikin masu wannan alkawari. Mun daidaita da shi a kan janareta biyu da aka ciro daga jirgin dakon kaya, na ga an tayar da su da lodi, na duba baƙin mai da takardun gyaransu, kuma ya yarda zai daidaita su daga mitar wuta 60 ta jirgi zuwa 50 da masu saye suke bukata. Ya ce zai tafi Palitana, ba zai taɓa lissafin kuɗi ba sai ya sauke nauyin da ya ɗauka, amma injinan namu ne, ko kafin alƙalami ba ya so. Yaron shagonsa ya ɗauki alli ya rubuta sunan kamfaninmu a jikinsu, aka ja tamfol aka rufe.

Manajanmu, wanda bai taɓa taka tabon Alang ba, ya ce shi bai san ciniki da alli ba. Na rubuta masa cewa jiran 'yan makonni ya fi sayen abin da ba a gwada ba, ya amsa da cewa an ɗauke ni aiki ne don in sayi kaya, ba don in koyi addinin mutane ba. Ya tsallake ni ya saya ta hannun wani dillali, injinan da fenti kawai aka sabunta musu. Da suka isa hannun mai saye, ɗaya ya ƙi ɗaukar lodi, ɗayan kuma aka tarar karanshaf ɗinsa ya tsage. A rahoton da manajan ya aika sama, jinkirina ne ya tilasta masa gaggawa. Aka zaftare mini la'ada, shi kuwa ko gira ba a ɗaga masa ba.

Dattijon ya sauko a rame, ya kira ni, na je na tarar da injinan a ƙarƙashin tamfol, alhali farashi ya tashi kuma an taya su fiye da yadda muka yi. Ni aka bari in gaya masa mun fasa. Bai ce komai ba illa ya sa a kawo shayi, shi kuma bai sha ba domin rana ta faɗi, kuma a addininsu ba a ci ko sha bayan faɗuwarta. Ba na cewa duk mutanen Palitana haka suke, domin na ga masu tsoron taka tururuwa da ba su damu da leburan Odisha ko Bihar da ke yankan ƙarfe cikin hayaƙi ba. Sai dai wannan mutumin ya riƙe maganarsa, mu masu hatimi da takarda muka saki tamu.

Ga wanda zai gaje ni: ya ajiye kwafin duk saƙon da ya tura wa na gaba da shi, a wurin da kamfani ba zai iya gogewa ba. Kada ya yarda da injin da bai ga an tayar da lodi ba. Ya san kwanakin Paryushan, lokacin azumi da ibada na mabiya Jain, kafin ya sa ranar biya. Idan kuma mai son nama ne, ya nemi masauki a birnin Bhavnagar da ke kusa, domin tun 2014 aka hana yanka da sayar da nama a Palitana. Saƙon da na tura wa manajan yana nan a wurina da kwanan watansa, kuma har na fito ba wanda ya nemi ganinsa.