Wata Uku Ina Bibiyar Wata Daga Kan Soro

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon duban wata. Yau wata uku ke nan ina hawa soron gidanmu bayan sallar Magariba, da ɗan littafi da fensir, ina zana wata yadda na gan shi, in rubuta lokaci da inda ya tsaya.

A watan farko ban ga jinjiri ba sai dare na uku. Hazo ya rufe yamma, ni kuma na ɗaga kai ina neman sa can tsakiyar sama, alhali yana ƙasa-ƙasa, dab da inda rana ta faɗi. Jinjirin daren farko ba ya jira. Sau da yawa kafin awa guda ya bi rana ya ɓace, wanda ya tsaya gaisawa a ƙofar masallaci ya rasa shi.

Awo da hannu ne ya gyara mini ido. Idan ka miƙe hannunka ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne a sararin sama. Wata kuwa yana matsawa gabas kimanin digiri 13 kowace rana, wato dunƙule ɗaya da 'yar ɗoriya. Shi ya sa fitowarsa ke ƙara jinkiri da kusan minti 50 kullum. Da na gane haka sai na daina jiran ranar 29 kawai. Nakan tashi da Asuba in bi tsohon wata ta gabas yana ƙanƙancewa, har safiyar da na neme shi na rasa. Daga nan na san saura kwana biyu ko uku ya bayyana ta yamma. Zagayensa kwana 29 ne da rabi, abin da ya sa watan Musulunci ke yin 29 ko 30, kuma fadar Sarkin Musulmi ke kiran jama'a su fita duba a yammacin ranar 29.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, daren uku ga watan jiya ne. Sama ta washe, jinjirin yana kwance kamar ƙaramar ƙwarya, bakinta sama. A cikin ƙwaryar kuma ga sauran jikin watan nan, toka-toka, da'ira cikakkiya. Hasken rana ne da ya bugi duniyarmu ya koma kan watan. Na daɗe ina kallo, ban ma zana ba sai da aka kira Isha'i.

Wani ƙanena ya ce ai inuwar duniya ce ke rufe ɓarin watan. Ba haka ba ne, inuwar duniya sai ranar husufi, kuma husufin wata ba ya faruwa sai wata ya cika. Ku gwada wannan: wajen tara ga wata, da La'asar, za ku gan shi ta gabas rana ba ta faɗi ba. Ku ɗaga lemo saitinsa a cikin rana. Gefen da ya haskaka a jikin lemon, shi ne siffar watan sak.

Wata mai kamawa ina son in aro abin hangen nesa, in duba daren bakwai, daidai iyakar haske da duhu, inda inuwa ke fito da ramukansa sarai. Wanda ya riga ni gani, don Allah ya faɗa mana yadda ya zana su.