Tutar mai gida a jirgin baƙo

Shekara uku na yi ina aiki a wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, irin na masu hali da ke yawon shaƙatawa a Bahar Maliya, kafin yaƙin Sudan na 2023 ya tsayar da komai. Mai jirgin Bature ne, rajistarsa ta Malta, ni kuwa ɗan Bur Sudan, jikan waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Hajji suka yada zango a nan. Aikina wankin jirgi, jan igiya, sakin anga, sai kula da tutoci. Na ƙarshen nan shi na fi rainawa, shi ne kuma ya ba ni kunya.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Tutar ƙasar da aka yi wa jirgi rajista tana can baya. In kun doshi tashar wata ƙasa, sai a ɗaga rawaya zalla, ta harafin Q a tutocin sadarwar jiragen ruwa, a igiyar hannun dama ta dogon turken jirgi. Ma'anarta lafiyarmu lau, muna neman izinin shiga. Ba mai taka ƙasa sai 'yan kwastan da jami'an shige da fice sun gama da ku. Daga nan a sauke rawaya, a ɗaga ƙaramar tutar mai gida a gurbinta, kuma ba a ɗora wata a samanta. Kyaftin ɗinmu yakan ce ladabi ne. Ni da na zauna na duba, sallama ce: ka tsaya a zaure, ka jira a amsa, sannan ka cire takalmi.

Mun taso daga Masar muka iso Sawakin, tashar ruwa a Sudan, da hantsi, kusa da kufan tsohon garin nan da aka gina da duwatsun murjani. Aka gama takardu, na ja tutar Sudan sama ina hira, ko ɗaga kai ban yi ba. Can sai ga wani dattijo mai kamun kifi, abokin mahaifina, ya matso da kwalekwalensa.

"Ɗana, yaushe aka sauya mana ƙasa ba mu ji ba?"

"Wace ƙasa, Baba?"

Ya nuna sama da haɓa. Baƙi a sama, ja a ƙasa. Tutar da ake amfani da ita tun 1970, ja, fari, baƙi, da kore mai kusurwa uku ta wajen igiya, wadda na yi shekaru ina tsayawa a gabanta a makaranta, ita na kifa, a gaban mutanen ƙasarmu. Da Baturen ne ya yi, da an ce baƙo ne. Laifin rabi na tela ne, don tutar jirgi ta ainihi tana da ɗan guntun katako a sama da wutsiyar igiya a ƙasa, ko a duhu hannunka zai gane, tamu kuwa maɗauki iri ɗaya ya yi mata sama da ƙasa. Amma ban faɗa wa Baba haka ba. Na sauke, na gyara, da daddare na ɗinke jan zare a gefen sama na kowace tuta da ke cikin jaka. Yankin nan sai da lura: ta Masar da ta Yaman da tamu duk ja da fari da baƙi ne.

Ta Saudiyya kuwa hidimarta daban, saboda kalmar shahada da ke jikinta. Ba a sassauto da ita rabin sanda ko da rasuwar sarki, ba a bari ta taɓa ƙasa ko ruwa. Akan haɗa ƙyalle biyu baya da baya, don rubutun ya karantu daidai ta kowane gefe. Da za mu tsallaka zuwa Jidda, tafiyar kilomita wajen 300, kyaftin ya kawo wata mai arha da aka buga ta fuska ɗaya. Na ɗaga ta a rana, na ga rubutun ya juye ta baya. Na ce ranka ya daɗe, wannan ba za ta hau ba. Ya yi mamakin yadda yaron da ya kifa tutar ƙasarsu ya zama malamin tuta, amma ya sayo mai kyau.

Iskar teku da gishiri ba sa barin ƙyalle. Bakin tuta yakan fara zarewa tun ba a je ko'ina ba, kuma yagaggiyar tuta gara babu. Sauran tsofaffin mukan yi tsumma da su ko mu zubar, ban da wannan koriyar. Da ta koɗe, na sauke ta da hannu biyu, na ninke ta a ƙirjina don kada ta taɓa daɓen jirgi, na sa a leda. Tana nan a saman akwatina har yau.