Alhamdulillahi An Sallame Ni: Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mini

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, an sallame ni, na koma ɗakina. An cire zaren ɗinki, zazzaɓin nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya sauka, jiya har na yi sallah a tsaye. Jikin dai babu ƙwari, in na daɗe ina kallon waya sai jiri ya ɗebe ni, don haka wanda ya ga na tsallake shi ya yafe mini, gajiya ce.

Ba zan kwashe labarin daga farko ba. Kun bi shi tun daren da Yaya ta saka sanarwa a zauren WhatsApp na gida. Kun san afendis ce ta fashe, kun san sai da aka sake buɗe cikin saboda ruwan da ya taru, kun san yadda aka kwana ana jiran in farfaɗo. Wadda ba ku sani ba ita ce mai hannun da ya fito a gefen hoton nan da aka yi ta yaɗawa, har wasu na tambaya ko nas ce. Ta hana ni rubuta sunanta, don haka zan kira ta yadda nake kiranta tun a gadon asibiti: Mama.

Na je Selma ne, wani gari a jihar Alabama ta Amurka, neman bayanan kundin digirina na biyu, a kan dokar 'yancin zaɓe ta 1965 da abin da ya rage a cikinta. Wani fasto ya ce in dai daga bakin ganau nake son labarin, to in je wurin Mama. Ta haura saba'in, dattijuwa ce a cocinsu. Muna zaune a kicin ɗinta, wayata tana naɗar magana, tana ba ni labarin yadda mahaifiyarta take bin layi a ƙofar kotun gundumar Dallas don yin rajistar zaɓe. A lokacin sau biyu kacal ofishin yake buɗewa a wata. A wuni a tsaye, Jim Clark shugaban 'yan sandan gunduma yana zagayawa da kulki, in an yi sa'a an shiga a miƙo wa mutum tambayoyi a kan kundin tsarin mulki waɗanda mai tambayar ma ba lallai ya iya amsawa ba, washegari kuma wanda kake wa aiki ya ji labari ya sallame ka. A cikin baƙaƙen fata wajen 15,000 da suka isa zaɓe a gundumar, masu rajista ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, alhali gyara na 15 na kundin tsarin mulkin Amurka ya haramta hana mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa tun 1870. Ranar 7 ga Maris 1965, da mutum kusan 600 masu tattakin neman 'yancin zaɓe suka hau gadar Edmund Pettus, jagororinsu John Lewis da Hosea Williams a gaba, 'yan sanda suka far musu, Mama ba ta cikin tattakin. Uwarta ta ce ta yi ƙanƙanta, ta bar ta a cocin Brown Chapel. A can ta ga mutane suna dawowa a guje, mahaya dawakai na bin su, kawuna a fashe, idanu a rufe da barkonon tsohuwa. Aikinta ran nan jiƙa tawul tana miƙa wa manya.

Tana cikin wannan ta dakata ta ƙura mini ido. Ta ce, "'Yar nan, tun ɗazu kike dafe da ciki, ga gumi kina yi cikin sanyin nan. Tashi." Na ce zai wuce. Ta kashe wayar da kanta, ta ɗauko makullin mota.

Tsoron da ya kama ni a ƙofar sashen gaggawa na kuɗi ne da na biza, Allah ya sani mutuwa ko zuwa raina ba ta yi ba. Duk ɗalibin da ya zo ƙasar nan ya ji labarin wanda kwanan asibiti ya jefa shi bashin shekaru, kuma bizar karatu sharaɗinta kana ɗaukar cikakkun darussa. Ka bar aji ba izini, zamanka ya shiga matsala. Ina tsaye a gaban taga ina laluben katin inshora a jaka, hannuna na rawa, Mama ta dafa hannun ta ce wa matar a duba ni tukuna, takarda ta biyo baya. Haka kuwa aka yi. Akwai dokar tarayya ta 1986, ta zamanin Ronald Reagan, da ta wajabta wa duk asibitin da ke karɓar kuɗin Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin tarayya, kuma yake da sashen gaggawa ya duba wanda ya zo, ya fitar da shi daga haɗari, da kuɗi ko babu, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Na karanta ta a aji har na amsa tambaya a kanta a jarrabawa. Mama ce dai ta san yadda ake tsayawa a gaban taga a sa ta yi aiki.

Da suka ga abin ya fi ƙarfinsu, suka tura ni Montgomery cikin dare a motar asibiti. Mil 54 ne a kan babbar hanya mai lamba 80, wadda masu tattaki suka taka daga 21 zuwa 25 ga Maris har suka isa gaban majalisar jiha su kusan 25,000. A kan hanyar nan 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu tsananin wariyar launi, suka harbe Viola Liuzzo, farar fata daga Detroit, daren da aka gama tattakin, tana jigilar mutane a motarta. Mama ta daina tuƙin dare, idonta ya yi rauni, 'ya'yanta sun hana ta. Ta biyo mu a baya har Montgomery.

A ƙofar ɗakin tiyata an cire mini hijabi da kaya, an sa mini rigar nan tasu mai buɗaɗɗen baya, ga maza suna ta kai da komo. Ba ni da ƙarfin magana, hawaye kawai nake, nas ɗin ta ɗauka zafi ne tana ta cewa allura na tafe. Mama ce ta gane. Ta kwance gyalen wuyanta, wani shuɗi mai laushi, ta rufe mini kai, ta tura gashin da ya leƙo ta gefen kunne da yatsa, ta ja bargo har haɓata. Ta ce wa nas ɗin a bar shi sai an shiga ciki an sa mini hular tiyata, in an fito kuma a mayar. Sannan ta sunkuyo ta ce in yi addu'a irin tamu, ita ma za ta yi tata. Ina ta "La ilaha illa anta subhanaka", ita tana motsa baki da nata, har aka tura gadon. Da na farfaɗo gyalen yana kaina. An hana ni ruwa, leɓena duk ya tsattsage, ita ce take jiƙa tawul tana goga mini. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ba addininmu ɗaya ba, ba ta san kowa nawa ba, sanin ma da ta yi mini bai kai wuni guda ba.

A kwanakin jinya ta ba ni labarin da wayata ba ta naɗa ba. Ta ce da ƙuruciyarta irin wannan asibitin, in ma ya karɓi baƙar fata, ta ƙofar baya ne. A Selma asibitin Good Samaritan na 'yan Katolika ne yake karɓarsu. Can aka kai Jimmie Lee Jackson, wani matashi mai fafutukar 'yancin zaɓe, bayan ɗan sandan jiha ya harbe shi a Marion, can ya cika ranar 26 ga Fabrairu 1965, rasuwarsa ce ma ta haifar da tattakin. Kuɗi ne ya buɗe ƙofar gaba. Dokar 1964 ta hana ba da kuɗin tarayya inda ake wariya, sai ga shirin Medicare zai fara aiki a Yulin 1966, aka ce asibitin da bai daina wariya ba ba zai ga sisi ba. Cikin 'yan watanni dubban asibitoci suka sauke allunan wariya. Ni dai abin da na lura, gwamnatin tarayyar ƙasar nan da lalitarta ta fi saurin lanƙwasa jihohi.

Wata rana ta tambaye ni yaushe kakata ta fara zaɓe. Na ce 1979, don matan Arewacin Najeriya ba su jefa ƙuri'a ba a Jamhuriya ta Farko, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan haka. Ta yi lissafi da yatsu, ta ce ashe uwarta ta riga kakata da shekara 13, don ita a 1966 ta fara, a zaɓen da aka kayar da Jim Clark. Na nuna mata hoton Hajiya Gambo a waya. Ta daɗe tana kallo, ta ce ta san irin wannan idon.

Kada wani ya ɗauka na tashi daga jinya ina wa Amurka kirari. Dokar da ta buɗe mini ƙofa ba ta ce kyauta ba. Takardar kuɗi ta iso tun ɗinkin bai kame ba, kamfanin inshora ya zame daga kuɗin motar asibiti da wani kaso na aiki na biyu, adadin da ya rage a kaina zai gina gida a Zariya har a yi masa fenti. Matar da muke ɗaki ɗaya kuwa haifaffiyar ƙasa ce, tana aikin goge-goge a otal, ba ta da inshora ko kaɗan. Dokar lafiya ta 2010 ta so a faɗaɗa tallafin Medicaid, na lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, ya kai ga irinta, Kotun Ƙoli ta ce a 2012 wannan zaɓin kowace jiha ne, Alabama kuma ba ta zaɓa ba. Ta sallami kanta tun likita bai yarda ba, don ranar da ba ta je aiki ba babu biya. Har yanzu tana raina.

Dokar da nake rubutu a kanta ma haka. Lyndon Johnson ya sa mata hannu ranar 6 ga Agusta 1965, ƙarfinta shi ne jihohi irin Alabama ba su isa su taɓa tsarin zaɓe ba, ko sauya wa rumfa wuri ne, sai Washington ta amince. A 2013, a ƙarar da gundumar Shelby ta nan Alabama ta shigar, alƙalan Kotun Ƙoli 5 suka rinjayi 4 aka soke ma'aunin da ake tantance jihohin da shi, sharaɗin ya zama ba ya hawa kan kowa. A 2023 kuma kotun ta ce taswirar mazaɓun Alabama ta tauye baƙaƙen fata. Na tambayi Mama wanne za ta riƙe a ciki. Ta ce ita dai duk ranar zaɓe tana cika motarta da tsofaffin unguwa. In ta yarda wannan zai shiga babi na huɗu na kundina.

Na san ba a son ambaton alheri a bainar jama'a, amma wasu sai dai su yi haƙuri. Alhaji direban babbar mota, mutumin Maraɗi da ke Atlanta, ya ce kada in faɗa, ga shi na faɗa: ya ajiye lodi ya tuƙo har Montgomery da farfesun kaza da kunun gyaɗa da Hajiyarsa ta dama. Liman na masallacin garin da maiɗakinsa, su suka tsaya a kan abincina. Farfesa mai duba kundina ta zo da kanta, ta kuma bi mini takardar likita har ofishin ɗalibai baƙi ya amince a rage mini darussa, bizata ba ta taɓu ba. Ma'aikaciyar walwala ta asibitin ce ta nuna mini fom ɗin neman sassauci, wanda doka ta ce asibitin da ba na riba ba dole ya kasance yana da shi. Da shi aka yafe kaso mafi tsoka. 'Yan uwa mutanen zangon Kumasi da ke Bronx sun haɗa mini kuɗi bayan Juma'a, ba su taɓa ganina ba. Ƙawayena na aji sun yi karɓa-karɓar kwana. A gida, Yaya ta zama ofishin labarai, malaman Islamiyyarmu sun yi sauka, Baba ya yi abin da ya hana a gaya mini amma na ji. Umma kuwa, ban da abin cewa.

Allah ya saka muku da mafificin alheri. Allah ya sa ku gan shi a mizani ranar da dukiya ba ta amfani. Wanda ya ba da dala, da wanda ya ba da naira, da wanda bai da ko ɗaya ya tashi cikin dare ya ɗaga hannu, Allah ya buɗa masa ta inda ba ya zato. Allah ya raba ku da kwanciyar asibiti, ya raba 'ya'yanku da ciwo a ƙasar da ba su da kowa, in kuma ya ƙaddara, ya jefo musu mai tsaya musu. Marasa lafiyarmu na gida da na waje Allah ya tashi kafaɗunsu. Iyayenmu da suka rigaye mu Allah ya haskaka makwancinsu. Mama, Allah ya ƙara mata lafiya da tsawon rai, ya shirya mata zuri'a, ya biya ta da abin da ya fi alheri a wurinsa.

Akwai waɗanda muke jini ɗaya, suna nan cikin ƙasar, jirgin awa biyu ne tsakaninmu. Na ga saƙon "Allah ya ba da lafiya" da ɗan hoton hannuwan addu'a, na gode. Na san aikin ƙasar nan ba ya barin mutum ya motsa. Umma ta ce kada in ce komai, ban kuwa ce ba.

Don Allah a dakatar da turo kuɗi, an rufe asusun, abin da aka tara ya biya bashin. Ɗan abin da ya saura Yaya za ta saka lissafinsa a zaure, a yanke shawarar inda za a kai shi. An ɗaga mini kare kundi zuwa zangon karatu mai zuwa. Za a yi wa Mama aikin yanar ido wata mai kamawa, ina roƙon a sa ta a addu'a, ni zan je in zauna da ita in likita ya bar ni in hau mota. Masu kira kuma ku riƙa duba agogo, lokacin da kuke idar da Asuba a gida, nan ko nisa ban yi da barcin farko ba. Saƙonnin da suka taru zan bi su ɗaya bayan ɗaya, a yi mini uzuri.

Wassalamu alaikum.