Takardar sunayen da ta faɗa hannun mai gidan burodi

Shekarar da aka ba ni riƙon rubutu a reshen sandikarmu nan Maraɗi, na ɗauka duk wahalar ma'aikaci daga rashin doka take. Ban daɗe da baro jami'a ba, ɗan karatun shari'a na yi mini zafi a ka, kowane taro sai na miƙe in ce a rubuta wa Yamai a yi sabuwar doka. Wani dattijo, tsohon direban babbar mota da ya ga lokacin da USTN, babbar ƙungiyar sandikokin Nijar, ta tsayar da ƙasar nan cik da yajin aiki kafin Babban Taron Ƙasa na 1991, shi ya taka mini birki. Ya ce, "Yaro, wadda ke akwai ka karanta ta kuwa?"

Na ce, "Baba, sama-sama." Da na zauna na karanta, kunya ta rufe ni. Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 87 ta hukumar ƙwadago ta duniya, OIT, kan ƴancin kafa sandika tun 1961, ta bi da mai lamba 98 kan ƴancin haɗa kai a yi ciniki da mai gida a 1962. Kundin dokar aiki na 25 ga Satumba 2012 ya ba ma'aikata damar kafa sandika, ya hana a kori mutum saboda ita, kuma wakilin ma'aikata ba ya koruwa sai da yardar sufeton aiki. A takarda dai tuwo ya ji miya.

Wani gidan burodi ne ya nuna mini inda ramin yake. Samari ne ke shiga bayan isha'i, su fito da hantsi idanu jajur, fulawa har cikin gashin ido. Mai kwaɓi a cikinsu ya zo ya same mu, ni kuma da bakina na ce ya tattaro sunayen masu so. Ya yage falle daga littafin ƙanensa na lakkol, wanda bai iya rubutu ba ya shafa tawadar biro a babban yatsa ya dangwala. Sati bai zagayo ba takardar ta faɗa hannun mai gida. Ko kalmar sandika ba a ambata ba, cewa aka yi buhun fulawa ya yi ɓatan dabo, kuma shi ne na ƙarshe da ya shiga sito. Sufeto ya saurare mu da mutunci, ya nemi takardar ɗaukar aiki, babu. Lambar CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, babu. Yaron ba wakili ba ne, bai ma kai ga tsayawa takara ba, sauran kuwa wa zai ba da shaida ya rasa abincinsa? Ni na tura shi, kuma har yau abin na cina.

Daga ranar na gane wurin da ma'aikaci yake tsirara: tsakanin daren da aka fara raɗa da ranar da aka zaɓi wakili. Da na duba labarin wasu ƙasashe, sai na tarar faɗan nasu ma a wannan ɗan tsakanin yake. A Amurka dokar Wagner ta 1935 ta ba da ƴancin, amma galibi sai an yi ƙuri'a a wurin aiki, kuma kafin ranar ƙuri'a kamfani na da makonni na tara ma'aikata yana lallashi da tsoratarwa. Ƙungiyoyin ƙwadago suka nemi dokar da za ta ce idan fiye da rabi sun sa hannu a kati, magana ta ƙare. Majalisar wakilai ta amince a 2007, ta dattawa ta tare. A 2009 suka dawo, ga Obama a mulki, ga jam'iyyarsa da rinjaye, duk da haka suka kasa haɗa ƙuri'a 60 cikin 100 da ake bukata don a rufe muhawara. Wani sabon ƙudurin kare ƴancin kafa ƙungiya mai suna PRO ya wuce majalisar wakilai a 2020 da 2021, ya sake maƙalewa a wuri guda. A ganina sun ƙirga masu tafa musu a taro, alhali sanatocin tsakiya da ke jin tsoron ƴan kasuwar jihohinsu su ne ke riƙe da mabuɗi. Da suka koma jihohi abin ya ɗan motsa: Kaliforniya ta sauƙaƙa wa ma'aikatan gona hanyar sa hannu a 2022. A Ingila kuwa, gwamnatin Tony Blair ta yi dokar 1999 da ke tilasta wa kamfani ya san da ƙungiya, amma sai wurin da ke da ma'aikata 21 zuwa sama. Ƙungiyoyi sun yi gunaguni, suka dai karɓa.

Darasin da ya fi shigata a zauren wani depite na koye shi, lokacin majalisa na nan da kujerunta 171. Mun je da sassafe, muka bi layin masu gaisuwa da masu neman kuɗin magani, muka miƙa masa buƙatu goma da na kwana ina gogewa. Shi kansa ɗan kasuwa ne mai motoci a hanyar Ɗan Issa, kamar yadda siyasar garin nan ba ta rabuwa da alhazai. Ya duba shafin farko kawai, ya ce, "Malam sakatare, wanne a ciki zan karanta gaban abokaina, gobe mu sake cin tuwo tare?" Kafin in haɗa amsa ya ƙara da, "Minista ya gani?" Na fito ina huci. Baba direba ya yi dariya har da tari, ya ce mutumin nan ya faɗa mana gaskiya kyauta.

Haka ne kuwa. Ƙudurin da ya fito daga gwamnati shi ke tafiya da ƙafarsa, na depite guda ɗaya yakan yi barci a durowa. Ashe aikin na can baya, a teburin da gwamnati da masu ɗaukar aiki da sandikoki ke zama su uku, da kuma kwamitin majalisa inda ake sauya kalma ɗaya ta juya ma'anar sashe gaba ɗaya. Muka zubar da tara muka riƙe ɗaya: idan aka sallami ma'aikaci jim kaɗan bayan ya fara haɗa ƴan'uwansa, mai gida ne zai kawo hujja. Muka kuma sauya harshe. Kalmar gwagwarmaya na sa alhaji ya tsuke fuska, amma hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe babu mai musunsa a Maraɗi. Har abokan tafiya muka samu cikin masu kamfanoni, waɗanda ke zuba wa ma'aikatansu kuɗin CNSS suna kallon maƙwabci na karya musu farashi don shi ba ya zubawa.

Sai kuma abin da ke bayan ƙuri'a. Kundin 2012 bai sami dikirin da ke fayyace yadda za a yi aiki da shi ba sai Agusta 2017, shekara biyar ke nan. Mafi ƙarancin albashi ya koma jaka 42 daga Janairun 2024. Ka tsaya bakin tanda ka tambayi yaran ko labarin ya iso gare su. Mu ma muna da namu laifin, don manyan ƙungiyoyinmu sun yi yawa, kowace na shiga ofishin minista da tata takardar, shi kuma ya zaɓi wadda ta fi masa laushi.

Buƙatar tamu ba ta kai ko'ina ba kafin 26 ga Yuli 2023, aka rushe majalisa, doka ta koma fitowa da sa hannun shugaban ƙasa. Jerin sunayen depitocin da na yi wa alama da jan biro yana nan a akwati, takardar buƙatar kuma mun sake buga ta da sabon adireshi. Mai kwaɓin nan yanzu kabu-kabu yake yi. Kwanaki ya ɗauke ni daga babbar kasuwa, ya ƙi karɓar kuɗina, ya ce a tasharsu kowace safiya suna zuba ɗan abu a asusu, kuma shi ke riƙe da littafin. Na tambaye shi inda yake ajiye shi. Ya daki ƙirjinsa, ƙarƙashin riga.