Akawun ɗin da sunanta, makullin a hannun wani

Tambayar farko da na rubuta a littafina kafin in sauka birnin Medelin na ƙasar Kolombiya ita ce, "Yaya kike ji idan kina gaban kyamara?" Wata guda na yi ina gyara ta, aka juya ta zuwa Sifaniyanci, malamata ta duba ta amince. Mace ta farko da na yi wa tambayar ta bari na kai aya, ta ɗan juya cokali a kofinta, sannan ta ce in ajiye wannan tukuna. Ta ciro waya ta nuna min takardar biyanta ta mako biyu.

Digiri na biyu nake yi a fannin nazarin ƙwadago, kuma abin da na zaɓa shi ne rayuwar aiki ta baligan da ke nuna tsiraici kai tsaye ta kyamarar intanet, masu kallo, yawancinsu daga Amurka da Turai, suna biya. Kolombiya da Romaniya ne suka yi suna a wannan harka. Ni musulma ce, ban je don in wanke sana'ar ba, kuma ra'ayina a kanta yana nan. Ranar da na gaya wa Hajiyarmu a waya ta yi shiru, can ta ce, "To, ki tsare idonki, ki tsare sallarki." Na tsare. Ban taɓa kallon kowa a bakin aiki ba. Hira kawai muke yi a shagon shan kofi, nesa da wurin aikinsu.

Takardar nan ce ta sauya min binciken. A shafuka irin su Chaturbate mai kallo yana sayen toki, wato kuɗin shafin da ake biya da shi, kowane ɗaya a kusan senti 10, abin da ke isa ga mai akawun, wato wadda ake kallo, kuma senti 5 ne. Sai dai kuɗin ba ya zuwa wurinta kai tsaye, situdiyo yake fara shiga, wato gidan da ya ba ta ɗaki da kwamfuta da fitila da intanet. Gidan ya cire kasonsa. A ƙasa kuma ga jerin tara: ta makara, ta fita daga ɗaki kafin lokaci ya cika, ta rashin cika adadin tokin da aka yanka mata. Ta sa ɗan yatsa a kan layi ɗaya ta ce wannan ranar ɗanta ne ya kwana da zazzaɓi. A Disamban 2024 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan hira da mutum 55 a Bogota da Kali da Medelin da Palmira, ta ce akwai waɗanda kashi 10 cikin ɗari kacal ke shiga aljihunsu daga abin da masu kallo suka biya. Da na karanta, fuskar matar nan ce ta faɗo min.

Amma ko tarar ba ta ci musu rai kamar maganar akawun. Situdiyo ne ke buɗe wa ma'aikaciya shi da katin shaidarta, shi kuma ke riƙe kalmar sirrin shiga. Ta yi shekara biyu tana tara mabiya, tana sanin wane ne ke shigowa bayan ya tashi daga aiki, wane ne matarsa ta rasu yake neman mai saurarensa kawai. Yawan mabiyan nan ne ke ɗaga ta zuwa shafin farko, inda kuɗi yake. Ranar da ta ce za ta tafi, duk wannan yana zama a gidan. Idan ta je buɗe sabo, tana iya tarar da an riga an yi rajista da katinta, sai ta koma roƙon wanda ta baro ya sake ta. Shi ya sa ake haƙura da ɗakin da ba taga, da zanin gadon da wata ta tashi a kai ba a sauya ba. Akwai kuma wanda suke kira monita, yana zaune a wani ɗaki yana rubuta wa masu kallo Turanci da sunanta, kuma yana iya amsa abin da ita da an tambaye ta za ta ƙi.

Doka ba ta yi shiru gaba ɗaya ba. A 2021 Kotun Tsarin Mulkin Kolombiya, a hukunci mai lamba T-109, ta duba ƙarar wata da aka sallama tana da juna biyu, ta ce tsakaninta da situdiyon alaƙar ma'aikaci da mai gida ce, tana da haƙƙi. Cikin waɗanda na zanta da su, kaɗan ne suka taɓa jin labarin hukuncin.

Ni ma na yi kuskure, kuma har yanzu yana damuna. Da na rubuta babin farko na sauya wa matar da ta nuna min takardar biyanta suna, na ɗauka shi ke nan. Amma na bar unguwarta, na bar shekarun ɗanta, na bar cewa daga Benezuwela ta zo, har da zanen da ke wuyan hannunta. Na tura mata ta karanta kafin kowa. Ta kira ni muryarta na rawa, ta ce monitanta ko a mafarki ya ga wannan zai gane ta. Matar da ta toshe ƙasashe biyu a shafinta don kada mahaifiyarta ta gani, ni na kusa tona ta da hannuna. Daren nan ban yi barci ba. Na bi kowace hira layi-layi ina goge duk abin da zai nuna mutum, na share sautukan da na naɗa bayan na kwafe su a rubuce. Na kuma daina sa lokacin hira yadda ya yi min daɗi, don na gane awa ɗaya da ni awa ɗaya ce da ba ta samu ko sisi ba.

Bayan na koma makaranta ta aiko min da saƙo. Ta bar gidan, ta ci bashi ta sayi tsohuwar kwamfuta, ta fara daga mabiyi ko ɗaya babu. Ta ce idan zan sake hira da wasu, in fara tambayarsu wa ke riƙe da kalmar sirrinsu. Na ɗauko littafin, na ja layi a kan tambayata ta farko, na rubuta tata a sama.