Asabar, ranar da Kawu ya zo daga Rano

Kawu ya iso mana da hantsi, babbar rigarsa duk ta yamutse, da ɗan kwandon tumatir da ya saya a hanya. Wai ba tafiyar ce ta gajiyar da shi ba, jiran cikon mutum ɗaya a tasha ne, ga su huɗu a kujerar baya kamar an ɗaure itace. Da mota ta tashi kuwa, Bunkure, Karfi, sai ga su a titin Zariya, ya sauka a Na'ibawa ya hau adaidaita.

Ya tarar da 'yata tana haddar Hausa Bakwai, aikin makaranta. Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Biram, sai ta cije. Na ce saura Rano. Ta ɗago kai ta ce, "Abba, a wace jiha take?"

Kawu ya ajiye kofin kunu. "Amarya, yau na sake ki! Garin mijinki ne ba ki sani ba?"

Daga nan ba wanda ya sake samun bakin magana. Ya ce Rano da Kano su ne sarakunan baba, na rini, kuma har gobe Autan Bawo ake yi wa sarkinsu kirari. Ya kwatanta mata duwatsun da garin ya jingina da su, da na Rurum, manya-manya, wani kan wani kamar da hannu aka ɗora. Ya gangaro kan dam ɗin Tiga na zamanin Audu Bako, wanda ruwansa ya raya tumatirin da ke tsakar gidanmu. Da ya zo kan masarautar da aka ɗaga a 2019, aka rushe a 2024, aka kuma dawo da ita da daraja ta biyu, sai ya ce a bar wannan zance, akwai yara.

Ni dai ban ga laifin yarinyar ba. Layin dogon da ya iso Kano a 1911 bai bi ta Rano ba, babban titin Zariya ma ya bar ta a gefe. In ba ka da dalili, ba ka ratsa ta. Ni kaina, kunya ta hana ni faɗa, rabona da can tun rasuwar Inna.

Da la'asar na raka shi Na'ibawa. Ya leƙo ta taga ya ce in kawo masa amaryarsa hutun Sallah, ya hau da ita dutse in gwiwa ta yarda.