Shuɗin da ke cikin igiyar ruwan Hokusai

Ɗan yayata ne ya shigo gida sanye da wata rigar gwanjo wadda aka buga wa hoton wata ƙatuwar igiyar ruwa a gadon baya, ta miƙe tsaye ta tanƙwaro kai, kumfarta ta rarrabu kamar faratan shaho. Da na tambaye shi ko ya san hoton, sai ya ce, "Wallahi Kawu, kyau kawai ta yi mini na saya." Ni ma ban fi shi da komai ba a lokacin, domin na sha ganin hoton a bangon littattafai da bayan wayoyi ba tare da na tsaya na dube shi da kyau ba. Abin da ya riƙe idona a ranar shi ne launin. Na tashi a unguwar da ba ta da nisa da karofi, kuma duk wanda ya saba ganin hannun marini ya rine har gwiwar hannu, da wuya ya ga shuɗi mai kyau ya wuce bai tambayi asalinsa ba.

Hoton aikin wani mai zane ne ɗan ƙasar Japan, Katsushika Hokusai, wanda aka haifa a 1760 a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, ya kuma mutu a 1849. An buga shi wajen 1831, yana ɗaya daga cikin jerin hotuna 36 na Dutsen Fuji, waɗanda da suka samu karɓuwa aka ƙara goma suka zama 46. Masu buga shi a riga sukan yanke rabin labarin, domin a cikin hoton na asali akwai kwale-kwale uku a ƙarƙashin igiyar, irin masu saurin nan da ke kai ɗanyen kifi kasuwannin Edo, matuƙansu sun dunƙule sun kifa kai suna riƙe da abin tuƙi. Can nesa kuma, a cikin ramin da igiyar ta bari, ga Dutsen Fuji ɗan ƙarami da farar ƙanƙara a kansa, har mai kallo na farko kan ɗauka wata ƙaramar igiya ce. Japanawan wancan zamani daga dama suke fara karatu, saboda haka idonsu kan shiga hoton ne tare da kwale-kwalen, ya yi kiciɓis da igiyar gaba da gaba. Na gwada kallonsa ta hanyar da muke karanta allo da ajami, sai na ga tsoron da ke cikinsa ya ninka wanda nake gani idan na faro daga hagu.

Dutsen da aka ƙanƙantar a hoton shi ne mafi tsayi a ƙasar, mita 3,776, kuma dutse ne mai aman wuta. Rabonsa da amai tun watan Disamba na 1707, makonni bakwai bayan wata gagarumar girgizar ƙasa, lokacin da ya yi kusan mako biyu yana fitar da toka har ta rufe gonaki ta kuma sauka a kan rufin gidajen Edo, mai nisan kimanin kilomita 100. A zamanin Hokusai mutanen birnin suna girmama dutsen ƙwarai bisa addininsu, har suna da ƙungiyoyi da ke tara kuɗi kamar adashi don tura wasu daga cikinsu su hau shi kowace shekara, mata kuwa ba a ba su damar kaiwa ƙololuwarsa a hukumance ba sai a 1872. Saboda haka ɗan kasuwar da ya ɗauki nauyin buga hotunan, Nishimuraya Yohachi, ya san yana da masu saye tun kafin a sassaƙa katako na farko.

Wannan batu na kasuwa yana da muhimmanci, domin mutane da yawa suna zaton hoton zane ne guda ɗaya da aka yi da buroshi aka rataye a fadar wani sarki. Bugawa ake yi, kamar yadda ake buga hatimi. Mai zane zai zana a kan siririyar takarda, masassaƙi ya manna ta a kan katakon itacen ceri ya sassaƙe duk inda babu layi, sa'an nan a yi wa kowane launi katakonsa daban. Mai bugu shi ne zai shafa launi a katako, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani faifai da aka naɗe da bawon gora, ya ɗaga, ya koma katako na gaba, yana kiyaye kada layi ya goce ko da da ƙwayar gero. Faɗin takardar bai kai santimita 40 ba, kuɗinta kuma bai wuce na kwano biyu na taliya ba a kasuwar Edo. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an buga kusan 8,000, har katakon ya fara cinyewa, amma waɗanda aka san suna nan a yau sun ɗan haura 100 ne kawai, tun da ba wanda ke adana abin da ya saya da kuɗin abincin rana. A 2023 an sayar da guda ɗaya a birnin New York a kan fiye da dala miliyan 2.7.

Shuɗin da ya ja hankalina kuwa baƙo ne a Japan. Wajen 1706, dab da aman dutsen na ƙarshe, wani mai haɗa launuka a birnin Berlin na Jamus mai suna Diesbach yana ƙoƙarin haɗa jan launi, sai ya yi amfani da sinadarin toka wanda jinin dabba ya gurɓata, haɗin ya fito shuɗi mai zurfi maimakon ja. Kafin zuwan wannan launi, masu bugu a Japan suna da shuɗi iri biyu. Akwai na wani fure wanda ke kwanciya da kyau a takarda amma ya koɗe da zarar ya sha haske ko laima, akwai kuma na shuni wanda ke daɗewa amma yana da ɗan duhu. Sabon launin ba ya koɗewa da sauri, kuma garinsa mai laushi yana ba mai bugu damar sauke shi daga duhu zuwa haske a shafa ɗaya, abin da sararin sama da teku ke bukata. Japanawa suka sa masa suna bero-ai, ma'ana shunin Berlin. Da farko tsadarsa ta hana a sa shi a hotunan talakawa, sai a shekarun 1820 da 'yan kasuwar Sin suka fara kawo shi da araha, kuma Nishimuraya da shi ya yi tallar jerin hotunan Fuji.

Abin lura shi ne, duk wannan ya faru ne a zamanin da littattafan tarihi ke cewa Japan a rufe take. Tun daga shekarun 1630 gwamnatin gidan Tokugawa mai mulkin ƙasar ta kori Turawan Fotugal, ta hana 'yan ƙasa fita, ta kuma taƙaita cinikin Turawa ga mutanen Holan, waɗanda aka killace a wani ƙaramin tsibiri da aka gina da hannu a gaɓar Nagasaki, mai suna Dejima. Sin ma ta Nagasaki take ciniki. A ganina kalmar rufewa ta yi wa wannan tsari yawa, domin ta wannan 'yar ƙofar ce littattafan likitanci da madubin hangen nesa da hotunan Turai suka riƙa shiga. Daga irin waɗannan hotunan ne masu zanen Edo suka koyi dabarar ƙanƙantar da abin da ke nesa da saukar da layin da sama ta haɗu da ƙasa, kuma wannan dabarar ce ta ba Hokusai damar sa dutse mai tsayin mita dubu uku da ɗoriya a ƙarƙashin igiyar ruwa. Hoton da duniya ta ɗauka a matsayin fuskar Japan, launinsa daga Jamus ya samo asali, tsarinsa kuma da hannun Holan a ciki, kuma hakan bai rage masa komai ba a wurina.

Duk da haka shunin gida bai fita daga hoton ba, domin binciken da gidajen adana kayan tarihi suka yi ya nuna cewa an gauraya shi da na Berlin wajen buga layuka masu duhu. A nan ne na ji kamar an komo da ni unguwarmu. Cibiyar shuni a Japan ita ce yankin Tokushima, wanda a da ake kira Awa, inda ambaliyar kogin Yoshino ke kawo sabuwar ƙasa kowace shekara. Tsiron nasu daban yake da babanmu, amma sinadarin da ke cikin ganyen ɗaya ne. Suna shanya ganyen, su tara shi a ɗaki suna yayyafa ruwa suna juyawa har kimanin kwana 100, ya ruɓe ya zama abin da suke kira sukumo, sa'an nan a zuba shi a randa da ruwan toka da dusar alkama a bar shi ya tashi. Marinin Ƙofar Mata zai gane wannan aiki ko da ba a yi masa tafinta ba, tun da shi ma baba da toka da katsi yake haɗawa ya jira kwanaki, yana duba kumfar da ta taso yana shinshina warin don ya san ko rinin ya nuna. Dalilin jiran ɗaya ne a Kano da Tokushima: shuni ba ya narkewa a ruwa sai ƙwayoyin halitta da ke cikin haɗin sun sauya shi, shi ya sa zane ke fitowa daga rijiyar rini kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi a kan idon mai kallo. Tun ina yaro nake mamakin wannan sauyi, kuma har yau idan na ratsa ta karofi nakan ɗan tsaya in ga an ɗaga zane.

Talakawan Japan sun rungumi shuni ne saboda dokokin Tokugawa sun hana su sa alharini da launuka masu ƙyalli, auduga kuwa tana kama shuni da kyau, har ta kai kayan manoma da labulen shaguna da rigunan ma'aikata duk shuɗi ne. Abin da ya karya wannan sana'a shi ne shunin masana'anta da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, irin gogayyar da marinanmu su ma suka sha daga rinin kanti da atamfar waje. A Tokushima gidaje ƙalilan ne suka rage suna yin sukumo ta hanyar kakanni.

Bayan jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry sun iso a 1853 sun tilasta wa Japan buɗe tasoshinta, hotunan suka bi hanyar da launin ya biyo, amma a juye. A Faris masu zane suka yi ta rububinsu. Claude Monet ya tara fiye da 200 a gidansa na Giverny, Vincent van Gogh kuma ya kwaikwayi hotuna biyu na Hiroshige, wani mai zanen Japan, a 1887, ya kuma rubuta wa ƙaninsa cewa igiyoyin Hokusai farata ne da suka damƙe jirgin. Hokusai bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya yi hoton ne yana da kimanin shekara 70, bayan mutuwar matarsa, ga bashin da jikansa ya jawo masa ya tsiyata shi, yana zaune da 'yarsa Oi wadda ita ma gwanar zane ce. 'Yan shekaru bayan haka ya rubuta cewa duk abin da ya zana kafin ya kai 70 bai cancanci a kula shi ba.

A 2013 hukumar UNESCO ta sa Dutsen Fuji cikin wuraren tarihi na duniya, kuma a rukunin al'adu ta sa shi, saboda ibadar da ake yi a kansa da zane-zanen da ya haifar. A watan Yuli na 2024 kuma Japan ta fitar da sabuwar takardar kuɗi ta yen 1,000 da igiyar Hokusai a bayanta. Na nuna wa ɗan yayata hoton takardar a waya, ya cire rigar ya shimfiɗa ta a kan tabarma muna gwadawa, sai muka ga cewa wanda ya buga rigar ya bar kwale-kwale ɗaya ne kawai, dutsen kuwa ɗinkin gefe ya cinye shi gaba ɗaya.